Neman shawara: ana ganin taurarin kudu daga ƙauyukanmu, ko sai na sayi babbar na'ura?

Malamin Firamare:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni malamin makaranta ne a wani ƙauye da ke gaba da Ɗambatta kaɗan. Ƙanena da ke karatu a Afirka ta Kudu ya aiko min da madubin hangen nesa mai ido biyu, an rubuta 10x50 a jikinsa, haɗe da wata takarda ta sunayen abubuwan da masu sha'awar kallon sama na can suke farawa da su: Omega Sentauri, gajimaren Karina, Gicciyen Kudu da wani gungun taurari da ke gefensa, 47 Tukana, sai gajimarai biyu na Majalan. Ya ce min su a can ko yaro ya ɗaga kai zai gansu.

Tun cikin sanyi nake fita bayan sallar isha'i, in tsaya a filin makaranta. Kaza da 'ya'yanta na ganta tar, har na ƙirga taurarin da ido bai taɓa nuna min ba. Gajimaren Oriyon ma na same shi. Amma da na juya kudu shi ke nan, ba komai sai hazo da wani haske ja-ja kwance a gindin sama. Ga Maris ya kama, ko ɗaya daga cikin abubuwan takardar ban gani ba.

Shin ana ganinsu daga nan kuwa? Akwai ragon da nake kiwo, na fara tunanin in sayar da shi in sayi teleskop, don wani mai shago a birni ya nuna min wanda aka rubuta a kwalinsa yana ƙara girman abu sau 675. Sannan akwai wata matsalar: mutane sun fara ƙus-ƙus, wai malamin makaranta ya koma duba. A taimaka min da shawara, Allah ya saka da alheri.

Ɗan Rano:

Wa alaikumus salam Malam. Da farko dai ka ƙyale ragon nan ya ci gaba da cin harawarsa. Madubin da ke hannunka ya ishe ka wannan aikin, lokacin da kake fita ne bai yi daidai ba.

Ga lissafin, ba wuya. Ɗambatta tana wajen digiri 12 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu. Ka cire shi daga 90, saura 77 da rabi. Kowane abu a sama yana da lambar da ke nuna nisansa zuwa kudu, to duk wanda lambarsa ba ta kai 77 da rabi ba yana leƙo mana. In kana son sanin iyakar tashin da zai yi daga ƙasa, sai ka cire lambarsa daga 77 da rabin nan. Omega Sentauri lambarsa 47 da rabi ce, ka ga zai tashi har digiri 30. Gajimaren Karina kusan 60 yake, zai tsaya a wajen 18. Gicciyen Kudu ƙafarsa tana 14, kansa yana 20. Babban gajimaren Majalan bai wuce 8 ba, 47 Tukana kuwa 5 da ɗoriya. Wato duk abin da ke takardar ƙanenka yana fitowa a samanmu, sai dai su can yana haye musu sama sosai, mu kuma ta ƙasa-ƙasa yake bi ya wuce.

Yadda za ka auna digiri ba tare da kayan aiki ba: miƙe hannunka gaba ɗaya ka dunƙule shi, faɗin dunƙulen nan kusan digiri 10 ne. Omega dunƙule uku ne daga ƙasa, Karina bai cika biyu ba.

Abin da ke ƙasa-ƙasa haka, ba a nemansa sai lokacin da ya kai ƙololuwarsa, daidai kudu sak, da awa ɗaya ko biyu kafin nan ko bayan nan. Yanzu a farkon Maris, sa'ar da kake fita Omega bai ma ɓullo ba, sai wajen ƙarfe 10 yake leƙowa. Karina yana kai ƙololuwa da sha biyu da kwata na dare, Gicciye wajen ƙarfe 2, Omega dab da ƙarfe 3. In ba ka son raba dare, yi haƙuri kawai, don kullum taurari suna sammako da kusan minti 4, wata guda awa biyu ke nan. Tsakiyar Afrilu Karina zai tsaya da tara da rabi, Gicciye sha ɗaya da 'yan mintuna, Omega sha biyu da kwata. Ƙarshen Mayu kuwa kana idar da shafa'i da wuturi ka ɗan jira kaɗan, tara da kwata Omega yana tsaye.

Hanyar da nake bi in same shi: tauraron Simak, wanda Turawa ke kira Spica, fari mai ɗan shuɗi-shuɗi. Shi da Omega kusan tare suke kai ƙololuwa. Idan Simak ya tsaya a kudu can sama, sai ka sauko daga gare shi kai tsaye dunƙule uku da rabi, digiri 36. Za ka ga wani abu da ka ɗauka tauraro ne amma ya ƙi yin tsini, ya yi dusu-dusu. Ɗora madubi a kai, zai fito maka kamar ɗan curin fura, tsakiya da haske, gefe yana narkewa.

Ka kuma kula da wani gicciyen bogi. Yana riga na gaskiyar fitowa da awa uku zuwa huɗu, ya fi shi faɗi, taurarinsa ba su kai nasa haske ba, kuma shi za ka tarar a kudu da wajen ƙarfe 10 a 'yan kwanakin nan. Na gaskiyar ƙarami ne a matse, kuma manyan taurari biyu suna biye da shi ta hannun hagu, Alfa da Bita Sentauri. In ba ka ga biyun nan ba, ba shi ba ne.

Baba Manomi:

Ɗana malamin makaranta, ni ban san sunayen nan na Turawa ba, jikana ne ma yake karanta min yana rubuta abin da na ce. Amma sama na santa tun ina bin mahaifina gona. Wanda ya nemi gindin sama a hunturu ya wahalar da idonsa a banza. Ƙurar nan ko Suhailu da girmansa sai ta dusashe shi, balle abin da ba shi da ƙarfi. Bazara ma ba ta rabuwa da ƙura gaba ɗaya. Ka jira ruwan farko ya sauka mai ƙarfi, wanda zai kwantar da ƙasa. Daren da ya biyo baya, in hadari ya janye, ka fita. Ranar za ka ga taurari har inda sama ta haɗu da gona. Haka ma da kaka, bayan ruwa ya ɗauke kafin iskar gabas ta taso, akwai 'yan kwanaki masu kyau.

Kuma ka duba kwanan wata. Mai fita da farkon dare, daga 20 ga wata zuwa 2 ko 3 ga sabo ne nasa. Kai da Ɗan Rano ya ce ka fita tsakar dare, daga 27 zuwa 6 ga wata ne naka, don a lokacin wata ya riga ya faɗi ko bai fito ba. Ka sa takalmi rufaffe, zafi ya fara, kunama da maciji sun fito shan iska.

Malama Mai Fizis, Dutse:

Baba ya gama magana a kan ƙura, Allah ya ƙara girma. Yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi iska take kwaso ta, ba abin da madubi zai iya yi mata, ko na nawa ne.

Yaya Malam, ni abin da nake so in shirya ka a kansa shi ne abin da idonka zai gani, don kada ka same shi ka wuce ba ka sani ba. Hotunan da ke intanet masu ja da shuɗi kyamara ce ta daɗe tana tara haske. Idon mutum da dare ba ya rarrabe launin abu mai rauni, fari-fari ko toka-toka za ka gani. Daɗin abin yana cikin sanin me kake kallo.

Ɗauki Omega ɗin nan, lambarsa a kundin masana NGC 5139. Dunƙulen taurari ne wajen miliyan 10, shi ne mafi girma a irinsa cikin galaksinmu, wato babban taron taurarin da ranarmu take ciki, kuma hasken da zai shiga idonka ya yi tafiyar shekara kusan 17,000. Faɗinsa a sama ya kai na cikakken wata. Mutanen zamanin da sun ɗauka tauraro ne, shi ya sa ma yake da sunan tauraro. Edmond Halley ne a 1677, daga tsibirin Sant Helena, ya rubuta cewa ba tauraro ɗaya ba ne, gajimare ne, sai a 1826 James Dunlop a Ostareliya ya bayyana shi a matsayin dunƙulen taurari. In ka same shi, ɗaga madubi sama digiri 4 da rabi, ƙasa da rabin dunƙule. Akwai wani ɗan tabo mai rauni, Sentaurus A, NGC 5128. Wannan galaksi ne daban gaba ɗaya, nisansa tafiyar haske ta shekara wajen miliyan 12. Sai dare ya yi kyau sosai yake nuna kansa a 10x50, kada ka damu in ya ƙi.

Gajimaren Karina, NGC 3372, shi na fi so, kuma a ganina ya fi na Oriyon ban sha'awa ko da yake ƙasa-ƙasa yake mana. Yana hannun dama da Gicciye, dunƙule ɗaya da 'yan kai. Iskar gas ce da ƙura inda ake haihuwar sababbin taurari, ya ninka na Oriyon faɗi sau huɗu, kuma akwai baƙin layi da ya tsaga shi, a madubi ma ana gani. A cikinsa akwai tauraron Ita Karina, mai nisan shekarar haske kusan 7,500. A 1843 ya yi wata irin tumbatsa har ya zama na biyu a haske a duk sararin dare, Shi'ira kaɗai ta fi shi, daga baya ya dushe har ido ya daina ganinsa, yanzu kuma ya sake farfaɗowa kaɗan. Kada ka yi saurin barin wajen. Hagu da shi kaɗan akwai NGC 3532, taurari birjik a wuri ɗaya, shi na'urar Hubble, teleskop ɗin da ke sararin samaniya, ta fara ɗauka hoto a Mayun 1990. Ƙasa da gajimaren kuma akwai IC 2602, wanda ake yi wa laƙabi da Kazar kudu don kamarsu da Kaza da 'ya'yanta. Wannan yanki kaɗai ya isa ya cinye maka dare.

Gungun da takardarka ta ce yana gefen Gicciye shi ne NGC 4755, Akwatin Lu'ulu'u, John Herschel ne ya kwatanta shi da haka. Yana manne da tauraron hannun hagu na Gicciyen. A madubinka ƙarami zai fito, 'yan taurari a cure. Yawancin waɗannan Nicolas Lacaille ne, wani Bafaranshe, ya fara rubuta su a zaman da ya yi a Kef, can ƙarshen Afirka ta Kudu, a 1751 da 1752, kuma da wata 'yar na'ura ya yi aikin wadda gilashinta bai kai rabin naka faɗi ba.

Dabaru kaɗan. Ka ba idonka minti 20 zuwa 30 a duhu, kallon waya sau ɗaya yana rushe shi. In dole sai ka haska, ɗaure jar leda a bakin cocila. Abu mai rauni kada ka zuba masa ido kai tsaye, kalli gefensa kaɗan, gefen ido ya fi kama haske mai rauni. Ka sa manhajar Stellarium a waya, tana aiki ko babu data, ka kunna mata jan haske, ka rubuta lambobin nan za ta nuna maka inda suke a daidai lokacin. Kuma ka ja wa ɗalibanka kunne, kada wanda ya kuskura ya kalli rana da madubin nan, makanta ce nan take.

Tsohon Direba:

Ni fa ban yarda da zancen Majalan ɗin nan ba. Na yi zama a Zambiya shekarun baya, can ne na gansu, guda biyu fari-fari kamar an yago su daga farin zanen nan da ke ratsa sama. Tunda na dawo gida ban ƙara sa su a ido ba, kuma ni mai tafiyar dare ne. Kada a sa bawan Allah ya yi ta tsayuwa a fili yana jiran abin da ba zai zo ba.

Ɗan Rano:

Alhaji, maganarka tana kan hanya, ban musa ba. A Lusaka babban gajimaren yana tashi sama da digiri 35, dole ka ganshi da ido. A nan 8 ne. Abin da ke cinye shi kaurin iska ne: abin da ke digiri 30 haskensa yana ratsa iska ninki biyu na wanda ke tsakar ka, na digiri 15 kusan ninki huɗu, na digiri 8 kusan ninki bakwai, na digiri 5 ninki goma. Ga ƙura a kai. Kuma rashin sa'ar, lokacin da babban yake tsayawa da farkon dare, Janairu da Fabrairu ne, tsakiyar hazo. Don haka da ido ƙwal, ni ma ba zan yi wa kowa alkawari ba.

Amma ban ce a cire rai ba. Ƙarshen Oktoba, in sama ta wanke, 47 Tukana yana tsayawa wajen goma da rabi, kuma da yake haskensa a dunƙule yake wuri ɗaya, madubi yana iya kamo shi a inda ba itace ba gini. Babban Majalan a wannan lokacin sai wajen uku da rabi na dare, kuma abin da za a nema a cikinsa shi ne ɗan tabon da ya fi haske, gajimaren Tarantula, NGC 2070. Kusa da shi ne tauraron nan ya fashe aka gani a Fabrairun 1987. Nisan wajen shekarar haske 160,000 ne. Ƙaramin Majalan kuwa, in Malam bai ganshi ba daga Ɗambatta kada ya zargi kansa. Waɗannan a bar su ƙarshe, a fara da masu sauƙi.

Malam, na manta ban taɓo hasken nan ja-ja da ka ce ba. Birnin Kano ne. Ɗambatta tana arewa da shi sak, duk wanda ya fuskanci kudu daga wajenku fitilun birni yake fuskanta, kuma ƙura tana ƙara watsa hasken. Omega zai tsallake shi, Gicciye da Karina za su sha wuya amma za su fito a daren kirki, musamman bayan sha biyu da gari ya rage wuta. Mu nan Rano, Kibiya, Tudun Wada, ko su Birnin Kudu da Gwaram, birni yana bayanmu, kudu duhu ne. In kana da ɗan uwa a wannan shiyya, hutun makaranta ka kai masa ziyara da madubinka. Kuɗin mota bai kai kuɗin rago ba.

Mai Gyaran Waya:

A kan teleskop ɗin nan na 675, Malam ka gudu. Irinsu sun sha zuwa hannuna a kawo gyara, gilashi ƙarami, ƙafa kuma tana rawa ko numfashi ka yi. Ba yawan ƙara girma ake dubawa ba, faɗin gilashin da ke tara haske ake dubawa. Naka 10x50 ma'anarsa ƙara girma sau 10, faɗin gilashi milimita 50, kuma yana nuna fili mai faɗi, abin da Karina yake so ke nan. In wata rana hali ya samu, nemi irin wanda ake kira Dobson mai madubi milimita 150, shi zai fara warware maka Omega ka ga taurarinsa ɗai-ɗai. Kafin nan maganin rawar hannu kawai kake buƙata: kafa gwiwar hannu a kan katangar makaranta ko bayan kujera. Ni tabarya nake kafawa a ƙasa in ɗora madubin a kanta.

Alaramma:

Game da masu cewa duba kake yi. Abin da shari'a ta hana shi ne a ce tauraro kaza ya nuna wane zai yi arziki, ko auren wance ba zai yi albarka ba. Sanin taurari don gane alƙibla da hanya da lokutan shekara kuwa, Alƙur'ani da kansa ya ambace shi, duba Suratun Nahli aya ta 16 da Suratul An'am aya ta 97. Tauraron Shi'ira da Malama ta ambata sunansa yana cikin Suratun Najmi aya ta 49. Sai dai mutane abin da ba su sani ba suke zargi. Ka je ka sami liman da mai unguwa da rana tsaka, ka miƙa musu madubin su riƙa da hannunsu, ka gayyace su su kalli jinjirin wata da shi. Kuma tsakar daren da za ka fita kada ta sa ka makara sallar asuba.

Uwar Biyu:

Allah gafarta Malam ya faɗi gaskiya. Ƙari a kai, a sanar da 'yan sintiri, don mutum tsaye a fili ƙarfe 2 na dare da abu a ido, a wannan zamani ba a yi masa kyakkyawar fassara. Kada kuma a juya madubi wajen gidajen mutane ko da wasa, nan ne maganar za ta lalace. Uwargida ma a gaya mata inda aka nufa.

Malamin Firamare:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Rago ya tsira. Zan ga liman da mai unguwa gobe in sha Allahu. Tambaya ɗaya ta rage: ɗalibaina 'yan aji shida suna ta roƙo in nuna musu, kuma ba zan iya fito da 'ya'yan mutane tsakar dare ba. Yaushe ya fi, kuma da me zan fara musu?

Malama Mai Fizis, Dutse:

Yanzu-yanzu, bayan magariba, nuna musu gajimaren Oriyon, yana can sama digiri 70 da wani abu, hazo ba ya hana shi sosai, sai Kaza da Shi'ira da Suhailu. Na kudun ka ajiye musu zuwa ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, a daren da ba wata kuma an yi ruwa jiya: da ƙarfe 8 Gicciye yana tsaye, bayan awa guda Omega ya hau. Ka fara nemo su kai kaɗai a Afrilu don kada ka tsaya lalube yara suna jira. A Yuli kuma, in hadari ya ba da sarari, ka nemi tauraron Ƙalbu mai ja (Antares) a jerin taurarin da ke kama da kunama, ka bi jelar kunamar har tauraron Shaula, gefenta ta hagu akwai gungun M7, yana tashi sama da digiri 40, hasken Kano ba ya kai masa. Sama da shi akwai gajimaren M8. Ka sa kowane yaro ya zo da takarda da fensir ya zana abin da ya gani kafin ya miƙa wa na bayansa, kuma a rataya igiyar madubin a wuya kafin a karɓa.